Tsohon had-dis a cikin kesin na USB: wanne ya cancanta, wanne ne asarar kuɗi?

Abu Khadija:
Assalamu alaikum. Tambaya ga masanan gidan nan. Akwai had-dis guda uku a ajiye: na farko 500GB da aka cire daga laftof bayan an sa mata SSD, na biyu 1TB babba na kwamfutar tebur, na uku tsoho ne tukuf, 80GB, mai haƙora jere a bayansa. Ana so a mayar da su na waje, a sa su cikin kesin, wato gidan da ake saka faifan had-dis, a riƙa jona su ta USB. Kesin ɗaya zai ɗauke su duka? Kuma me ake dubawa kafin a fitar da kuɗi?

Mai Sukudireba:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Khadija, kesin ɗaya ba zai ɗauke su ba, don kowanne da irin bakinsa da irin wutar da yake ci.

Na laftof ɗin inci 2.5 ne, bakinsa irin wanda ake kira SATA ne, kuma 5V kaɗai yake buƙata, wadda ramin USB ke bayarwa. Abin lura a nan kauri ne. Akwai mai 7mm, akwai mai 9.5mm, sai masu 15mm irin su 4TB da 5TB, waɗanda ba sa shiga yawancin kesin na kasuwa. Idan naka siriri ne ya zauna yana rawa a ciki, ka manna ɗan soson da ake sakowa a kwalin. Wannan rawar ce ke sassauta bakin SATA har faifan ya riƙa ɓacewa yana dawowa.

Na tebur ɗin inci 3.5 ne. Injin da ke juya shi 12V yake ci, fanal ɗinsa, wato allon lantarkin da ke ƙasansa, kuma 5V. Dole sai kesin mai tasa adaftar ta bango, wadda aka rubuta 12V 2A a jikinta. Siririn kebul ɗin nan na USB zuwa SATA marar adafta ko motsa shi ba zai yi ba.

Na ukun IDE ne, tsohon bakin da aka yi kafin SATA. Idan babba ne wurin haƙora 40 gare shi, na laftof kuma 44. Kada ka saya masa gida. Ka ari adaftar nan mai baki uku a wurin mai gyara, ka sa jamfarsa, wato ɗan robar da ake sawa a kan ƙananan haƙoran gefe, a kan Master, ka kwashe abin da ke ciki, shi ke nan. Filashin 128GB ya fi shi girma, kuma ba ya tsoron faɗuwa.

Ummu Hanif:
Kafin maganar kesin ma, a fara duba lafiyar faifan. Kesin ba ya mayar da tsoho yaro. A jona shi da kebul na aro, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. Kada a tsaya kan kalmar Good da ke sama, a sauko cikin jerin a karanta lambobin da ke ƙarshen layi:

05, wato guraben da suka lalace har faifan ya musanya su da na ajiya.
C5, guraben da ya kasa karantawa kuma bai riga ya musanya ba.
C6, waɗanda ya gwada ya kasa gyarawa.
09, awannin da ya yi yana aiki.

Lambobin suna fitowa ne da tsarin heksa, sai an shiga Function, Advanced Feature, Raw Values an zaɓi 10 DEC kafin a gan su da lissafin da muka saba. Ana so 05 da C5 da C6 duk su zama sifili. Akwai kuma C7, amma shi yawanci ba laifin faifai ba ne, kebul ne ko bakin SATA da bai zauna daidai ba.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, a nan ina da ja. Idan aka ce duk faifan da 05 ɗinsa ba sifili ba a jefar, to rabin na tokumbo da ke kasuwa sun tafi bola. An ƙera faifai da guraben ajiya ne don wannan aikin. Wanda ke da 8 ko 16 a 05, C5 ɗinsa sifili, kuma lambar ba ta motsa ba bayan an rubuce shi daga farko zuwa ƙarshe, zai iya ci gaba da aiki. Abin tsoro shi ne lambar da ke hawa.

Ummu Hanif:
Yaya, ban ce a jefar ba, cewa na yi kada a amince masa. Kamfanin Backblaze da ke ajiye dubban faifai ya bayyana cewa lambobi biyar yake sa wa ido: 5, 187, 188, 197 da 198, domin faifan da suka fara tashi a jikinsa ya fi kusa da mutuwa. 197 da 198 ɗin su ne C5 da C6 da na ambata. Faifai mai 16 a 05 a zuba masa finafinai da manhajojin da za a iya sake saukewa, ba matsala. Amma hotunan iyali, takardun fili, aikin digiri, a'a.

Ɗan Damagaram:
A kan wannan mun haɗu. Sai dai zan ƙara cewa ko mai sifili a ko'ina bai cancanci ya riƙe kwafi ɗaya tilo ba. SMART, wato tsarin da ke ba da waɗannan lambobin, ba ya hango kan karatun, wato allurar da ke karanta faifan, da zai karye gobe saboda kesin ya faɗo daga tebur.

Malam Linux:
Ga yadda ake gwajin da Ɗan Damagaram ke nufi, tunda kallon lambobi sau ɗaya ba ya isa. Da farko a rubuta 05 da C5 a takarda. Sannan, bayan an kwashe duk abin da ake so, a yi fomat cikakke, wato a cire alamar Quick Format. Tun daga Windows Vista cikakken fomat yana rubuta sifili a kowane gurbi, kuma rubutun ne ke tilasta wa faifan ya yanke hukunci kan guraben C5: ko su gyaru, ko su koma 05. A 500GB ta USB 3.0 aikin zai ci kusan awa biyu, ta USB 2.0 kuwa awa huɗu ko fiye. Bayan an gama a sake dubawa. Idan lambobin sun tsaya, madalla. Idan sun hau, faifan yana kan hanya.

Masu Linux: smartctl -d sat -a /dev/sdb don karatu, sannan smartctl -t long don gwaji mai tsawo. Wannan -d sat ɗin shi ke ratsa cif ɗin kesin ya isa faifan. Wasu tsofaffin kesin ba sa barin SMART ya wuce sam, irin waɗannan sai a jona faifan kai tsaye cikin kwamfutar tebur.

Abu Khadija:
Na gode ƙwarai. An samu kebul an jona na 500GB ɗin. Fitila tana kamawa, amma yana wani ƙara tik, tik, tik, kuma bai fito ba. Ya mutu ke nan?

Mai Sukudireba:
Kada ka yi saurin yi masa sallah. Ƙarar iri biyu ce. Ka ɗora shi a kunne: idan injin yana ƙoƙarin tashi ya faɗi, ya sake tashi ya faɗi, ba ka jin ya kai cikakken gudu, yunwar wuta ce. Ramin USB 2.0 a ƙa'ida 500mA yake bayarwa, na USB 3.0 kuma 900mA, alhali faifan inci 2.5 yana iya jan kusan 1A a daidai lokacin tashi. Ka koma rami mai shuɗin ciki. Idan kwamfutar tebur ce ka yi amfani da na baya, ba na gaba ba, don na gaban doguwar waya ce siririya ke kai musu wuta. Ka cire duk wani hob, wato abin da ke raba ramin USB ɗaya zuwa da yawa, ka sa gajeren kebul mai kauri, laftof kuma ka jona ta a caji. In duk an yi bai tashi ba, ka gwada kebul mai kai biyu wanda ke ɗebo wuta daga rami biyu.

Idan kuwa injin ya tashi sosai yana gudu lafiya, sannan ka ji ƙwas, ƙwas a jere, daga baya ya kashe kansa, kan karatu ne. Wannan ka cire shi nan take. Duk ƙarin jonawa ƙarin karce fuskar faifan ne.

Abu Khadija:
Wutar ce. A ramin baya ya tashi shiru. Amma har yanzu babu shi a This PC.

Baba Sabis:
Ɗana, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta diskmgmt.msc. Abin da za ka gani zai faɗa maka matsalar, kuma ka karanta nan har ƙarshe kafin ka danna komai.

Idan fatishan ɗin, wato kason da aka yanka a faifan, yana nan da launin shuɗi amma babu harafi, ka danna dama, Change Drive Letter, ka ba shi harafi. Idan an rubuta Offline, yawanci saboda an kwafi tsohon faifan zuwa sabon SSD ne, sai suka zama da lambar shaida iri ɗaya. Danna dama ka zaɓi Online. Ka sani yin haka yana sauya lambar tsohon, mai yiwuwa ba zai sake tayar da Windows ba sai an gyara.

Idan kuma Windows ta ce Initialize Disk, ko ta ce sai an yi fomat, alhali ka san akwai kaya a ciki, ka danna Cancel. Dalilan suna da yawa. Faifan Mac da na Linux, wato APFS, HFS+ da ext4, Windows ba ta karanta su da kanta. Faifan da ya fito daga na'urar kyamarar tsaro yana da nasa tsarin daban. Akwai kuma wata matsala da ke rikita har masu gyara: wasu tsofaffin kesin na manyan faifai suna nuna wa kwamfuta gurbi mai bayit 4096 a maimakon 512, don Windows XP ta iya ganin abin da ya haura 2TB. Faifan da aka yi wa fomat a irin wannan gida, in aka kai shi wani gidan sai ya fito RAW, wato kamar ba a taɓa yi masa fomat ba. Kayan suna nan lafiya, lissafin wurin ne ya sauya. A mayar da shi gidansa na asali a kwashe.

Ummu Hanif:
Baba ya bar guda biyu. Na farko BitLocker. Laftof da yawa na zamani suna kulle faifansu ba tare da mai ita ya sani ba, musamman idan ya shiga da asusun Microsoft. A kesin za ka ga hoton kwaɗo a kan faifan, kuma sai da mabuɗin lambobi 48, wanda galibi yana ajiye a cikin asusun na Microsoft. Babu mabuɗi, babu kaya, fomat kawai ya rage. Na biyu kalmar sirrin da ake sa wa faifai a BIOS. Ita a jikin faifan take zaune, fomat ba ya cire ta. Hanya mafi sauƙi a mayar da shi cikin laftof ɗin da aka sa ta, a cire a can. Saboda haka duk mai shirin sauya faifai zuwa SSD ya kashe waɗannan biyun kafin ya kwance sukuru.

Ita kuwa foldar Users da ke cewa ba ka da izini, ba kulle ba ne. Danna Continue ka jira, in fayilolin suna da yawa takan ɗauki mintuna.

Abu Khadija:
Harafi ne babu, yanzu ya fito. 05 sifili, C5 sifili, awanni dubu tara da wani abu. Sai dai akwai wasu ƙananan fatishan guda biyu da suka ƙi goguwa, kuma girman 465GB yake nunawa.

Malam Linux:
Wannan faifan ya cancanci kesin. 465 ɗin daidai ne, ba a cuce ka ba: kamfani da dubu-dubu yake ƙirga, Windows da 1024. 1TB ɗin ma 931GB za ka gani.

Ƙananan su ne EFI da Recovery na tsohuwar Windows, Disk Management ba ya yarda ya taɓa su. Bayan ka kwashe kayanka, buɗe cmd a matsayin Administrator, ka rubuta diskpart, sai list disk. Ka tsaya ka kalli girman kowanne da kyau. Sai select disk da lambar naka, ka sake list disk ka tabbatar tauraron yana gefen wanda kake nufi, sannan clean. Umarnin nan ba ya tambayar ko ka tabbata. Lamba ɗaya ka kuskure, faifan da kake aiki da shi ne zai tafi, shi ya sa ya fi kyau a cire duk wani filashi da faifan waje kafin a fara. Daga nan ka koma Disk Management ka zaɓi GPT ko MBR, wato tsarin da ake raba faifan da shi. Duk abin da ya haura 2TB dole GPT. Naka kuwa, in za a riƙa sa shi a tsohuwar talabijin, MBR ya fi karɓuwa.

Ɗan Damagaram:
Tsarin fayil kuma: NTFS idan Windows kaɗai ce. Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai. exFAT yana tafiya a duka biyun. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB, a bar shi sai in na'ura ta tilasta.

Malam Linux:
Oga, ni ba na ba da shawarar exFAT ga faifan da ke juyawa in ba dole ba. Ba shi da kundin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi, NTFS kuwa yana da shi. Aka zare kebul ko aka ɗauke wuta ana tsakar rubutu, NTFS ya fi saurin farfaɗowa.

Ɗan Damagaram:
Gaskiya ne, amma wanda ke yawo tsakanin Mac da Windows fa? Sayen manhajar rubuta NTFS a Mac ƙarin kuɗi ne. Ya yi exFAT, ya riƙa danna Eject kullum.

Baba Sabis:
Maganar ɗauke wuta ta kawo mu kan babban, na 1TB. Ƙaramin yana shan wuta daga laftof, ita kuma tana da batir, don haka NEPA ba ta shafe shi. Babban a bango yake. Aka ɗauke wuta ana kwafi, laftof tana nan a kunne, faifan ya mutu a tsakiyar aiki. A nan ƙasar wannan ba abin da ke faruwa jefi-jefi ba ne. Adaftarsa ta zauna a kan UPS ko inbata, kuma a kashe shi kafin a juya zuwa janareta.

Sai babbar musiba, wadda ta fi kashe irin waɗannan: cajar laftof. Kan cajar wasu laftof, irin na Toshiba da Asus masu 5.5mm, yana shiga ramin kesin da yawa daram, amma 19V yake bayarwa a inda ake son 12V. Sakan ɗaya ya isa. Abin da ya fi ƙonewa shi ne ɗan diyod na kariya da ke kusa da bakin wuta a fanal ɗin faifan. Sai ya haɗe, daga nan duk adaftar da aka sa sai ta riƙa kashe kanta. Mai gyara zai auna shi da mita, in ya haɗe ya cire shi, sau da yawa faifan yakan tashi a kwashe kaya, amma ya zauna ba kariya. Ka naɗa wa wayar adaftar salatif mai launi ka rubuta 12V, tun kafin wani a gida ya yi maka gwaninta.

Mai Sukudireba:
A ƙara da zafi. Faifan inci 3.5 mai gudun 7200 a cikin kesin na roba marar fanka, a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, cikin sauƙi zai haura digiri 50. Yawancinsu iyakarsu 55 zuwa 60 ce. A sayi na alminiyam, ko a sayi dok, wato wanda ake tsayar da faifan a ciki a tsaye, iska na dukansa. Dok yana ɗaukar babba da ƙarami, to ga mai faifai biyu na SATA yana iya zama sayayya ɗaya. Aibinsa ƙura, da kuma yara. Lokacin hunturu a cire faifan bayan aiki a sa a leda mai hana tartsatsin wuta.

Abu Khadija:
To a wajen saye, ta yaya ake gane kesin na kirki? Kwalayen duk 3.0 aka rubuta.

Mai Sukudireba:
Kwali ba shaida ba ne, launin shuɗi ma ba shaida ba ne. Ka leƙa cikin kan kebul ɗin: USB 3.0 na gaske yana da haƙora huɗu a gaba da wasu biyar can ciki. Mafi tabbaci, ka je da laftof ɗinka da faifan, ko Titin Beirut ne ko Farm Centre a Kano, ka kwafi fayil ɗaya babba a gaban mai shago. Idan gudun ya tsaya a 30 zuwa 40MB a sakan, USB 2.0 ne aka yi wa kwalliya. Faifan laftof mai gudun 5400 ya kamata ya ba ka 80 zuwa 110. Kada kuma ka biya kuɗin kesin mai 10Gbps, faifan da ke juyawa ba ya cika ko 5Gbps.

Cif ɗin ciki, in an rubuta, ASM1153E na ASMedia da JMS578 na JMicron sanannu ne. Wasu kesin suna kwantar da faifan bayan kimanin minti goma ba aiki, sai ka ji ya ɗan yi jinkiri kafin ya buɗe. Ba lalacewa ba ce. Bakin da ya fi saurin ɓallewa shi ne faffaɗan Micro-B ɗin nan mai tsaga a tsakiya. In da hali ka ɗauki mai Type-C.

Malam Linux:
Wani jinkirin kuma ba na kesin ba ne. Siraran faifan laftof na 1TB da 2TB, irin su ST1000LM035 na Seagate da WD10SPZX na WD, SMR ne, layukan rubutunsu hawa juna suke yi. Kwafi zai fara da gudu, bayan an zuba kaya masu yawa a jere sai ya faɗi warwas, har ka ɗauka ya tsaya. Ka bar shi a jone ya gama shirya kansa.

Hajiyar Kyamara:
Sannunku da ƙoƙari. Tawa tambayar akasin wannan ce: faifan waje na WD My Passport bakinsa ya karye. Za a iya fasa shi a sa a sabon kesin?

Baba Sabis:
Hajiya, akasari a'a. My Passport da ƙananan Elements, da Canvio na Toshiba da yawa, bakin USB ɗin a jikin fanal ɗin faifan aka like shi, babu SATA a ciki ko kaɗan. Sai dai mai gyara ya sake like bakin da dalma. Ƙananan na Seagate su ne galibi ake samun SATA na sosai a ciki. Manyan My Book kuma SATA ne, amma da yawansu cif ɗin gidan yana rufe bayanan da sirri ko da ba a sa kalmar sirri ba, to a wani kesin ba za ki ga komai ba. Kada a jefar da tsohon fanal ɗin gidan.

In kuma bayan an gyara bakin kika ga yana tsayawa a tsakiyar kwafi, kada a yi masa chkdsk, wato umarnin Windows na duba faifai da gyara shi. A ɗauki hotonsa gaba ɗaya zuwa wani faifan da ddrescue, wanda ke tsallake wuraren da suka lalace ya dawo musu daga baya, sannan a yi aikin ceto a kan kwafin.

Abu Khadija:
Saura ɗaya. Wani ya kawo faifan da ya fito daga saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, 600GB, ya ƙi shiga dok ɗin kwata-kwata.

Mai Sukudireba:
Kada a danna da ƙarfi. Duba bakinsa: a SATA akwai tsaga tsakanin ɓangaren wuta da na bayanai, in ka ga wurin a cike yake, SAS ne, wani baki daban na faifan saba. Ko an samu abin da ya shigar da shi, cif ɗin kesin na SATA ba ya jin yarensa. Sai kwamfutar tebur mai katin SAS a ciki, kuma a kan 600GB kuɗin katin da kebul ɗinsa sun fi ƙarfin amfanin.